CIWON WASWASI DA HANYAR NEMAN MAGANINSA A ƘASAR HAUSA

Gabatarwa

Da wuya a sami wanda ya zauna a ɗakunan kwanan ɗalibai, ko a wata unguwa ta ƙasar Hausa, bai taɓa ganin mutumin da kan daɗe a bakin famfo yana alwala ba. Ya fara daga hannu, ya kai har ƙafa, sai ya sake cika buta ya koma farko, har liman ya sallame bai shiga sahu ba. Wasu su ce tsantseni ne ya yi masa yawa, wasu su yi masa dariya, wasu kuma su ce Shaiɗan ne ya sa shi gaba. Kaɗan ne ke kawowa a ransu cewa ciwo ne ke damun wannan bawan Allah, ciwon da likitoci suka sani, suka kuma san maganinsa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana wannan ciwo a taƙaice, sa'an nan ta nuna inda mai fama da shi zai dosa, domin sunan da muka laƙaba wa abu shi kan nuna mana ƙofar da za mu ƙwanƙwasa.

Ma'anar Waswasi

Kalmar waswasi ararriya ce daga Larabci, inda asalinta ke nufin raɗa da ake ta maimaitawa. Bahaushe kan yi amfani da ita ta fuska biyu. Ta farko ita ce kokwanto irin na yau da kullum, kamar mutum ya ce yana waswasin ko ya kulle ƙofa. Ta biyu ita ce zugar Shaiɗan a cikin zuciya. Akwai ma'ana ta uku da ba ta riga ta zauna a bakin jama'a ba, wato waswasi a matsayin ciwo, wanda likitoci kan taƙaita sunansa da haruffan OCD.

Wannan ciwo ɓangare biyu gare shi. Na farko shi ne tunanin da ke kutso wa mutum ba da son ransa ba, ya kore shi ya dawo, tare da tsoro ko ƙyama. Na biyu shi ne aikin da mutum kan ji ya zama masa tilas ya maimaita don ya sami sararawa. Alal misali, wani tunanin najasa ke damunsa, sai ya yi ta wanki da wanka har fatar hannunsa ta tsattsage. Wani ya yi ta komawa duba ƙofa ko murhu. Wani ya yi ta sake kabbarar harama, wai niyyarsa ba ta ƙullu ba. Wani kuma kullum yana fargabar ko wata kalma da ya furta ta saki matarsa. Mafi tsanani su ne waɗanda munanan kalmomi game da Allah ko Manzo ke faɗo musu a zuciya, ko maijegon da ke jin tsoron za ta cuci jaririnta, alhali babu abin da suke ƙi kamar wannan tunani.

Ba kowane kokwanto ne ciwo ba. Ma'aunin likitoci shi ne idan abin yana cinye wa mutum fiye da sa'a 1 a yini, ko yana jefa shi cikin ƙunci, ko yana hana shi karatu da sana'a da zaman iyali. Kimanin mutum 2 cikin 100 kan gamu da shi a rayuwarsu, kuma galibi yakan fara ne kafin shekara 25, wato daidai shekarun ɗalibta. Wajibi ne a bambanta shi da hauka. Mai waswasi hankalinsa ƙalau, yawanci ya san abin da yake yi ba shi da kan gado, wannan sanin ne ma ke sa shi jin kunya ya ɓoye.

Game da musabbabinsa, bincike ya nuna yana bin jini a wasu zuriyoyi, kuma yana da alaƙa da wata hanyar saƙo da ta haɗa gaban ƙwaƙwalwa da wasu sassa na can cikinta. Wannan hanya ita ke gargaɗin mutum cewa akwai abin da bai kammalu ba. Ga mai ciwon, gargaɗin ba ya yankewa ko da aikin ya kammalu. Duk sa'ad da ya sake alwala sai ya sami ɗan sauƙi na lokaci kaɗan, wannan sauƙin kuwa shi ke koya masa ya sake gobe. Da haka abin da ya ɗauka magani yake zame masa abincin cutar.

Abin da Magabata Suka Gano

Kada a ɗauka Turawa ne suka fara lura da wannan ciwo. Abu Zaidil Balkhi, wanda ya rasu a shekarar 934, ya yi bayanin waswasi a cikin littafinsa kan lafiyar jiki da ta zuciya, ya lissafa shi cikin cututtukan da ake yi wa magani. Ibnu Ƙudama, wanda ya rasu a 1223, ya rubuta risala sukutum kan masu waswasi a tsarki da salla. A nan gida kuwa, duk wanda ya karanta Ahalari a makarantar zaure ya ji hukuncin mai waswasi a salla: ba a neme shi ya kawo abin da yake shakka a kansa ba, an umarce shi ne ya yi watsi da shakkar, ya yi sujada bayan sallama.

Abin sha'awa shi ne, a shekarar 1966 wani masanin halayyar ɗan'adam a birnin Landan mai suna Victor Meyer ya gwada wata dabara mai kama da wannan a kan marasa lafiyarsa. Ya sa su fuskanci abin da suke tsoro, ya kuma hana su aikin da suka saba maimaitawa, aka ga sauƙi. Wannan dabara ita ce ginshiƙin maganin ciwon har yau. Ke nan malamin fiƙihu da likita ba su saɓa ba a kan asalin magana, wato biye wa waswasi shi ke ƙara masa ƙarfi.

Ƙofofin da Aka Saba Ƙwanƙwasawa

Idan abin ya fito fili, iyali kan fara kai mutum wurin malami a yi masa tofi, ko rubutun sha, ko ruƙiyya. Idan ba a dace ba sai a zargi iska ko sammu, a nufi boka ko 'yan bori. Asibiti shi ne zangon ƙarshe, sau da yawa bayan shekaru sun shuɗe, dukiya ta tafi, wataƙila karatu ko aure ya lalace. Ba nufina ba ne in ce a bar addu'a, kuma malami mai basira babban mataimaki ne, tun da shi zai tabbatar wa mai ciwon cewa ba a kama bawa da laifin tunanin da ya zo masa ba da zaɓinsa ba. Sai dai a lura da abu guda: mai waswasi kan mai da tambayar malamai ita ma aikin maimaitawa, ya tambayi wannan yau, gobe ya tambayi wancan, amsa ɗaya amma zuciya ba ta natsu ba. Malamin da ya ga haka, taimakon da ya fi shi ne ya nuna masa hanyar asibiti.

Inda Za a Dosa

Masu iya magana kan ce matambayi ba ya ɓata. Mataki na farko shi ne asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin gari ko na makaranta ga ɗalibi. A yanki kati, a ga likita, a faɗa masa kome, a roƙe shi takardar turawa zuwa ga likitan ƙwaƙwalwa.

Mataki na biyu shi ne asibitocin koyarwa, domin kowannensu yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Akwai na Malam Aminu Kano a Kano, da na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika kusa da Zariya, da na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da na Jos, da na Maiduguri. Sa'an nan akwai asibitocin da aka keɓe wa wannan fanni kaɗai, kamar na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Jihar Sakkwato, da na Dawanau a Kano, da na Maiduguri.

Jin waɗannan sunaye kan tsorata mutane, don sun ɗauka duk wanda ya shiga an tsare shi ke nan. Ba haka abin yake ba. Mai waswasi ba safai ake kwantar da shi ba. Yakan ga likita ya koma gida a ranar, a sa masa lokacin dawowa. Tun a 1954 Dokta Thomas Adeoye Lambo ya nuna a ƙauyen Aro, kusa da Abekuta, cewa ana iya jinyar masu ciwon ƙwaƙwalwa suna zaune tare da danginsu a cikin jama'a. Bugu da ƙari, a farkon 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma tanadi haƙƙin marar lafiya na a mutunta shi, a rufa asirinsa.

Duk da haka akwai cikas. Likitocin wannan fanni ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba a ƙasar da ke da mutane fiye da miliyan 200, kuma yawancinsu a manyan birane suke. Saboda haka wanda ya sami ganin likita kada ya ɓata damarsa. Ya rubuta tun daga gida irin tunanin da ke zo masa, da abin da yake maimaitawa, da tsawon lokacin da yake ci masa, don kada kunya ta ɗaure masa baki. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, kuma babu munin tunanin da likita bai taɓa jin irinsa ba. Wanda ƙunci ya kai shi ga tunanin halaka kansa kuwa, a kai shi asibiti nan take, ba sai an jira ranar ganin likita ba.

Yadda Maganin Yake

Magani iri biyu ne, kuma sau da yawa akan haɗa su. Na farko ƙwayoyi ne da ke aiki a kan wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai suna sirotonin. Ba su aiki nan da nan. Akan ɗauki mako 8 zuwa 12 kafin a tantance amfaninsu, kuma ko an sami sauƙi akan ci gaba da sha har shekara 1 ko fiye. A nan ne da yawa kan karaya, su yar da magani bayan mako 2 su ce bai yi ba. Ba a daina shi farat ɗaya sai da shawarar likita, kuma ba a maye gurbinsa da ƙwayar barci daga kemis.

Na biyu shi ne horon da aka ambata a baya, wanda masanin halayyar ɗan'adam kan jagoranta, don haka yana da kyau a tambaya ko asibitin yana da shi. Akan fara da abu mai sauƙi a hau zuwa mai wuya. Mai waswasin alwala, alal misali, za a sa shi ya yi ta sau ɗaya ya tashi, ya jure wa fargabar da za ta taso ba tare da ya sake ba. Da farko abin da zafi, amma in ya daure fargabar kan sauka da kanta, har zuciya ta koyi cewa babu abin da zai faru. Iyali ma suna da nasu aikin: su bar tsangwama, su kuma bar biye masa wajen amsa tambaya ɗaya sau goma.

Kammalawa

An ga cewa waswasin da ya wuce kima ciwo ne, ba hauka ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, sa'an nan asibitocin da ke maganinsa suna nan a garuruwanmu. Abin da ya rage ya shafe mu, mu ɗaliban Hausa da malamanmu. Muddin jama'a na kiran Dawanau da Kware asibitin mahaukata, mai cikakken hankali ba zai yarda ƙafarsa ta taka can ba. Ya kamata mu himmatu wajen zaunar da kalmomi irin su ciwon waswasi da asibitin ƙwaƙwalwa a rediyo da jaridu da littattafan makaranta, don wanda ke bakin famfo har yanzu ya ji sunan abin da ke damunsa cikin harshensa, ya san kuma inda zai kai kukansa. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.