Moda da Rama: Igiyar da Ke Tsirowa a Gona

Ɗalibai, in kun je kasuwar Ƙanƙara ko ta Sabuwa ku duba rumfar masu igiya. Yawancin abin da ke rataye na roba ne, shuɗi da ja da ruwan ɗorawa. Zaren nailan kuwa sai a 1935 aka ƙirƙiro shi a Amurka. To kafin nan da me kakanninmu ke ɗaure akuya da jan guga?

Ɗaya daga cikin amsoshin ita ce moda (ba moɗar randa ba). Tsiro ne marar kara, ganyensa dogo mai kauri yana miƙewa tsaye daga ƙasa kamar takobi, da zane-zane irin na fatar maciji. Tana son inuwa, shi ya sa ake samunta a gindin bishiya, kusa da suri ko a tsakanin duwatsu, kuma tana jure rani saboda ruwan da take ɓoyewa a ganye. In aka daddaka ganyen aka kankare tsokarsa, sai farin zare mai ƙarfi ya fito. Da shi maharba ke yin tsirkiyar baka, wurin da igiya marar ƙwari ba ta da amfani.

Rama kuwa kowa ya san ta a kwaɗo da ƙuli-ƙuli, amma kaɗan ne a cikinku suka ga yadda ake fitar da zarenta. Manoma a Faskari da kewaye kan shuka ta a gefen gona. In ta ƙosa a yanke, a ɗaure dami-dami a jiƙa a kududdufi na kwanaki har ɓawon ya saki. Warin ba daɗi, gaskiya. Sai a ɓare, a wanke, a shanya, sannan dattawa su zauna tufka.

Ba mu kaɗai ba ne. A Ostireliya akwai tsiro mai suna Dianella, mai siririn ganye da shuɗayen ’ya’ya, wanda mutanen asalin ƙasar ke tsaga ganyensa su yi igiya da kwanduna.

Igiyar roba ta fi araha kuma ba ta tsoron ruwa. Sai dai in ta tsinke ba ta ruɓewa a gona, dabba kuma in ta haɗiye guntunta yakan toshe mata ciki. Masu iya tufka suna ƙara tsufa. A hutun nan ku nemi ɗaya a unguwarku ya nuna muku, ku kawo wa malamin aikin gona abin da kuka tufka.