Maganin Sikila da Aka Haɗa da Kayan Yaji

Duk wanda ya taso daga Abaji zuwa Gwagwalada, yana wuce Kwali zai ga garin Sheda a bakin titi. A nan cibiyar kimiyya ta SHESTCO take, kuma a nan ne wani magani da aka samo daga itatuwan ƙasarmu ya yi tashe, sannan ya ɓace.

Asalinsa na wani fasto ne mai maganin gargajiya daga jihar Oyo, Paul Ogunyale. A farkon shekarun 1990 ya yarda ya bai wa cibiyar binciken magunguna ta NIPRD da ke Idu sirrin haɗinsa, lokacin Farfesa Charles Wambebe na shugabanta. Abu huɗu ne kacal: masoro, kanumfari, karan dafi, da wani itace da Yarbawa ke kira osun. Rabinsu kayan yajin da ke ɗakin girkin kowace uwargida ne.

Mai sikila, wato amosanin jini, idan iskar da jininsa ke ɗauka ta yi ƙaranci, sai sinadarin da ke cikin jajayen ƙwayoyin jinin ya dunƙule, ƙwayoyin su lanƙwashe kamar lauje, su toshe ƙananan jijiyoyi. Daga nan ciwon ƙashi ke tashi, yaro ya kwana yana kuka. Masu bincike a Filadelfiya ta Amurka sun nuna cewa wannan haɗin yana jinkirta dunƙulewar. Gwajin da aka wallafa a 2001, kan marasa lafiya 82, ya nuna ciwon ya rage tashi. Aka sa wa maganin suna Niprisan, kuma da Amurka ta ba da takardar mallakar fasaha a 1998, sunan faston na jere da na farfesoshi.

A 2002 aka ba kamfanin Xechem lasisin sarrafa maganin. A watan Yulin 2006 Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da maganin a Sheda da sunan Nicosan. Shekara biyu bayan nan bashi ya durƙusar da kamfanin, gwamnati ta soke lasisin a 2009, iyaye suka yi ta yawon kantunan magani babu shi babu dalilinsa. Kimiyyar ba ta gaza ba, kuɗi da tafiyar da kasuwanci ne suka gaza.

Sai a 2018 NIPRD ta ƙulla sabuwar yarjejeniya da kamfanin May & Baker, maganin ya dawo da sunan Niclovix. A ƙasar da ake haihuwar jarirai kusan 150,000 da sikila duk shekara, jiran kusan shekara goma ba ƙaramar asara ba ce.