Zafin da Ke Kwana Tsakanin Kwano da Silin

A Kontagora, daga Maris zuwa Afrilu, kafin ruwan farko ya sauka, zafin rana kan kusanci digiri 40. Amma dare ne ya fi gallabar jama'a: rana ta faɗi tuntuni, waje ya fara hucewa, ɗaki kuwa kamar tanda, dole a kwashi tabarmi a koma tsakar gida. Akan ɗora laifin a kan rashin wutar lantarki, alhali babbar matsalar tana bisa kanmu, a sararin da ke tsakanin kwano da silin.

Kwanon da ya wuni a rana yakan haura digiri 60. Yana gasa iskar da ke ƙarƙashinsa, yana kuma feso zafi kan silin. In magini ya toshe ko'ina ruf, yadda ake yi wa sababbin gidaje da yawa don kyan gani, zafin ba shi da mafita. Silin da kan bango su shanye shi, su riƙa sako shi har tsakar dare. Fanka ba ta korar wannan zafi, juya shi kawai take yi.

A zamanin da Umaru Nagwamatse ya kafa garin, jinka da soron azara ake da su. Ciyawa tana barin iska ta ratsa, ƙasa mai kauri tana jinkirta zafi. Kwano ya zo da sauƙi da ƙarko, ya tafi da waɗannan biyun.

Iska mai zafi sama take yi, don haka ƙofa biyu ake buƙata: mashiga a ƙarƙashin bakin rufi, mafita can kusa da ƙololuwa. Taga ɗaya tilo ba ta wadatarwa. Ƙa'idar gini a Amurka ta ware murabba'in mita 1 na buɗaɗɗen wuri ga kowane murabba'in mita 150 na silin, kuma an fi so a raba shi tsakanin sama da ƙasa. A sa raga mai ƙarfi, domin jemagu da ɓeraye ba sa jiran gayyata. Masu gida suna tsoron in an bar waɗannan ƙofofi a buɗe, guguwar farkon damina ta yaye rufin, kuma suna da gaskiya. Sai dai maganin wannan shi ne a ɗaure katako da bango da ƙarfe sosai.

Sannan a shimfiɗa abin tare zafi a kan silin, irin su audugar gilashi, ba tare da an toshe mashigar iska ko an danne fitilu ba. Takarda mai sheƙi da ake sawa ƙarƙashin kwano tana aiki ne in fuskarta na kallon sarari, ta ƙasa, inda ƙurar hunturu ba za ta kwanta ta dusashe ta ba. Launi ma ba wasa ba ne. Kwano baƙi ko ruwan ƙasa da ake yayi yanzu ya fi fari shan zafi nesa ba kusa ba, kuma yana ba ni takaici in ga an biya kuɗi mai yawa an sayo shi. Duk wannan ya fi araha in an faɗa wa kafinta tun kafin ya buga ƙusar farko.