Gara, Magini da Injin Gini

Duk wanda ya bi hanyar Baure zuwa Babban Mutum da rani, bayan an kawar da amfanin gona, zai riƙa ganin suri jefi-jefi a cikin gonaki, wani har ya kai ƙirjin mutum. Manomi ba ya ƙaunar gara, domin ita ce ke cinye masa dangar kara da rumbu. Amma wannan ƙwaro ya daɗe yana ɗaure wa masana kai. Ma'aikatan gara makafi ne, ba su da taswirar gini, ba su da Sarkin Magina. Uwar gara ma, wadda ake zaton ita ce ke ba da umarni, ba ta da wani aiki sai saka ƙwai. To, ta yaya suke tayar da gini mai ɗakuna da hanyoyin iska, wanda ruwan damina ba ya rushe shi?

Wani masanin ƙwari Bafaranshe, Pierre-Paul Grassé, ya ba da amsa a shekarar 1959. Ya lura cewa aikin da aka riga aka yi shi ne ke gaya wa mai zuwa abin da zai yi. Gara takan ɗauko ɗan curin ƙasa, ta jiƙa shi da yawu, ta ajiye. Wadda ta biyo baya, da ta tarar da curin, sai ta ɗora nata a kai. Binciken da aka yi daga baya ya nuna cewa lanƙwasar wurin da damshinsa suna cikin abubuwan da ke jan ta. Da haka ginshiƙi ke tashi, ya haɗu da na kusa da shi, har a sami rufi.

A 2014 wasu masana a Jami'ar Harvard ta Amurka suka gwada wannan dabara da ƙananan mutum-mutumi. Ana nuna wa kwamfuta siffar ginin da ake so, ita kuma ta mayar da ita ƙa'idoji 'yan kaɗan: ta ina za a hau, ina ya halatta a ajiye bulo. Kowane mutum-mutumi abin da ke gabansa kawai yake gani, ba ya jiran umarnin kowa, kuma idan ɗaya ya lalace sauran su ci gaba da aiki. Gwaji ne na ɗakin bincike, da bulon soso, ba a gina gidan zama da shi ba.

Abin da ya riga ya fito fili shi ne injin da ke zuba bango. Ana kafa masa ƙarafa kewaye da filin, kwamfuta tana jan bakinsa bisa taswira, yana fitar da kwaɓaɓɓen siminti zare-zare, sahu bisa sahu. A 2021 kamfanin 14Trees ya gina makaranta da irin wannan inji a gundumar Salima ta ƙasar Malawi, aka gama bangayenta cikin awa 18. Sai dai a lura, bango kaɗai inji ya yi. Harsashi da rufi da ƙofofi duk hannun mutane ne. Kuma siminti yana da tsada, ga shi masana'antarsa ce ke fitar da kusan kashi 8 cikin 100 na iskar kabon da ɗan'adam ke saki a duniya.

Saboda haka ne wani gida da aka kammala a Italiya a wannan shekarar ta 2021, mai suna TECLA, ya fi dacewa da a yi nazarinsa a ƙasar Daura. Da ƙasar wurin aka zuba shi, an haɗa ta da ruwa da ɓuntun shinkafa, cikin kimanin awa 200. Maginin gargajiya na Babban Mutum ba zai ga baƙon abu a nan ba. Shi ma ƙasa yake kwaɓawa da ciyawa, ya bar ta ta kwana, ya jera tubali sahu ɗaya ko biyu, ya dakata su sha iska kafin ya ƙara. Ya san azarar giginya ba ta jin tsoron gara, ya san makuba daga kwasfar ɗorawa tana kare bango daga ruwa. Da irin wannan sani Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19.

Wahalar injin tana nan daidai inda gwanintar magini take. Idan kwaɓi ya yi ruwa, sahun ƙasa ya baje da nauyin na sama; idan ya yi tauri, bakin inji ya toshe. Idan yumɓu ya yi yawa bango ya tsattsage yayin bushewa, idan yashi ne ya rinjaya, kamar yadda yake a jigawar wannan yanki, sai ya riƙa zubewa. Magini yana gane wannan da tafin hannunsa, inji kuwa sai an ba shi alƙaluma. Ga kuma bukatar lantarki mai ɗorewa da kayan gyara daga ƙetare. Ba a yi zaton injin zai ƙwace wa maginin karkara abinci nan kusa ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne tsofaffin magina su shuɗe ba a auna saninsu an rubuta ba.

Wannan awo kuwa ɗalibin sakandare na iya fara shi. A zuba ƙasa cikin kwalba zuwa sulusinta, a cika da ruwa, a girgiza sosai, a ajiye. Yashi zai kwanta cikin minti ɗaya ko biyu, laka ta biyo baya cikin 'yan awoyi, yumɓu kuwa sai ya kwana ɗaya ko fiye. A auna kaurin kowane sahu da rula. Malami sai ya sa a kwatanta kwalba uku: ƙasar gona, ƙasar kududdufin da magina ke ɗiba, da ƙasar tsohon suri da gara ta bari.