Tserewa Daga Kurkukun Butcher Bay: Kimiyyar Haske da Duhu a Cikin Wasan Kwamfuta

Wani fursuna ne tsugune a lungu, ba shi da komai a hannu sai ɗan guntun ƙarfe da aka wasa. Can gabansa ga gandiroba yana kai da kawowa, bindiga a rataye, tocila a kunne. Idan fursunan nan ya fito fili, kashinsa ya bushe. Idan kuwa ya yi haƙuri a cikin duhu har gandiroba ya juya baya, to yana iya lallaɓawa ya wuce, ko kuma ya shammace shi ta baya. Duk wannan a kan allon talabijin yake faruwa, mai wasan kuma yana ganin komai ne ta idon fursunan, kamar shi ne a wurin.

Sunan wasan The Chronicles of Riddick: Escape from Butcher Bay, ya kuma fito ne a watan Yuni na shekarar 2004, a kan na'urar wasa ta Xbox, sa'an nan aka fitar da na kwamfuta a ƙarshen shekarar. Kamfanin Starbreeze, wanda a lokacin yake birnin Uppsala na ƙasar Suwidin, shi ya ƙirƙira shi tare da haɗin gwiwar kamfanin Tigon na ɗan wasan sinima Vin Diesel. Shi Riddick ɗin mutum ne na ƙage, wanda aka fara gani a fim ɗin Pitch Black na shekarar 2000. A cikin wasan, wani mai farautar masu laifi don kuɗi, Johns, ya kawo shi wani kurkuku da ke wata duniya can cikin sararin samaniya, inda aka ce ba a taɓa tserewa ba. Aikin mai wasa shi ne ya fitar da shi, ta hanyar sanɗa, ko dambe, ko harbi, gwargwadon abin da hali ya bayar.

Malamai da iyaye da dama suna ɗaukar irin waɗannan wasanni a matsayin shiririta, kuma ba za a ce ba su da hujja ba, musamman in jarrabawa ta ƙarato. Amma kowace inuwa da ke faɗuwa a bangon kurkukun nan sakamakon lissafi ce, irin wanda ake koyarwa a ajin babbar sakandare. Ɗalibin da yake tambaya ina amfanin kusurwa da alwatika a rayuwa, ga wuri guda da zai ga amsa.

Da farko dai a san cewa kwamfuta ba ta san bango ko mutum ba. Duk abin da ke cikin wasan, daga fuskar gandiroba har bututun ruwa, an gina shi ne da ƙananan alwatika masu yawa da aka harhaɗa, kamar yadda ake ɗinka ƙyallaye a yi riga. Na'urar tana riƙe da lambobin da ke nuna inda kusurwoyin kowace alwatika suke, sa'an nan ta lissafa yadda za su bayyana daga inda idon mai wasa yake. Allon talabijin na wancan zamani yana ɗaukar ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye, wato ɗigo 307,200 ke nan. Domin ido ya ga motsi ba tare da tsinkewa ba, ana bukatar a sake zana hoton kamar sau 30 a daƙiƙa guda. In an ninka, za a tarar na'urar tana yanke shawarar launin ɗigo sama da miliyan 9 a kowace daƙiƙa.

To, ita Xbox ta farko, wadda ta fito a 2001, ƙwaƙwalwar aikinta megabait 64 ce kacal. Wayar hannu mai gigabait 4 ta ninka ta sau 64. A nan ne matsalar masu ƙirar ta taso. Suna son bangon kurkuku ya fito da tsagu da tsatsa da ƙusoshi, suna son a ga jijiya a damtsen fursuna, amma in za a gina kowace ƙusa da alwatika na kanta, na'urar za ta gaza tun ba a je ko'ina ba.

Dabarar da suka yi amfani da ita tana da tushe mai nisa. A shekarar 1760 wani masanin lissafi, Johann Heinrich Lambert, ya bayyana cewa hasken da ke sauka a kan fuskar abu ya danganta ne da yadda fuskar ta karkata ga tushen hasken. Idan haske ya faɗo tsaye cak, fuskar tana samunsa cikakke. Idan ya karkata da digiri 60, rabi kawai take samu, domin kosain ɗin 60 rabi ne. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa ranar tsaka ta fi ta hantsi zafi. Idon mutum kuwa ya saba da karanta wannan bambanci: inda ya ga haske da duhu suna bin juna a jikin bango, sai ƙwaƙwalwa ta ce akwai tudu da kwari. Mai son gwadawa ya shiga ɗaki da dare, ya haska bango da tocila kai tsaye, zai ga bangon sumul. Sa'an nan ya manna tocilar a jikin bangon, hasken ya bi ta gefe, nan take duk wani ƙurji da shafen magini ya bari zai bayyana.

A 1978 wani masanin kwamfuta na Amurka, James Blinn, ya ga cewa ana iya yaudarar ido ta wannan hanya. Ba sai an gina tudu ba, ya isa a gaya wa kwamfuta cewa wannan ɗigo na bango ya karkata hagu, wancan ya karkata dama, ita kuma ta lissafa hasken bisa ga haka. Daga baya aka inganta dabarar. Mai zane yakan fara ƙera siffa mai alwatika masu ɗimbin yawa a babbar kwamfuta, sai a kwashe bayanin karkatar kowane gurbi a adana shi a cikin hoto, wanda za a iya kira taswirar karkata. A cikin wannan hoto launin ja da kore da shuɗi suna wakiltar lambobi uku masu nuna inda fuskar ta dosa. Sai a shimfiɗa taswirar a kan siffa mai alwatika kaɗan. Da haske ya gilma, bangon da yake shafe lafiya lau sai ya fito da tsagu da ƙusoshi. Butcher Bay na cikin wasannin farko da suka yi amfani da wannan hanya a kusan ko'ina, ya ma riga Doom 3 fitowa, wanda aka fi yi wa kirari a kanta, da kamar wata biyu. Dabarar tana da iyaka: in an dubi gefen abin, za a ga layin a miƙe yake, asirin ya tonu.

Haske a wasan nan ya wuce ado, shi ne ginshiƙin wasan. Riddick yana iya harbe ƙwan fitila wuri ya yi duhu, yana iya jan gawar gandiroba ya ɓoye ta inda tocila ba ta kai ba. In ya tsuguna a inda ba a ganinsa, allon yakan ɗan rine ya yi shuɗi, alamar ya ɓuya. Ba su ne suka fara wannan tunani ba. Wasan Thief na 1998 yana da wata alama a ƙasan allo mai nuna yawan hasken da ke jikin ɓarawon, tun a 1981 kuma Silas Warner ya rubuta Castle Wolfenstein a kan kwamfutar Apple II, inda fursunan yaƙi yake sulalewa tsakanin sojojin Jamus.

Yaya gandiroban da babu shi sai a lissafi yake gani? A irin waɗannan wasanni akan bi matakai ne. Akan ba shi filin gani mai siffar mazurari a gabansa, sai a duba ko ɗan wasa yana ciki. In yana ciki, sai a ja miƙaƙƙen layi daga idon gandiroba zuwa jikinsa, a ga ko bango ko akwati ya tare. In babu abin da ya tare, sai a auna hasken da ke wurin da nisan da ke tsakani. Ji ma haka yake: kowane motsi yana da da'irar da ƙararsa take kaiwa, gudu ya fi tafiyar sanɗa faɗin da'ira. Abin lura shi ne da gangan ake rage wa masu gadin nan kaifin hankali, domin in sun yi wayo irin na mutum, ba wanda zai iya wucewa, wasan kuma ya daina daɗi.

Sanannen abu game da Riddick shi ne idonsa mai ƙyalli, wanda yake gani da shi a cikin duhu. A tsakiyar labarin yake samun wannan baiwa, kuma tana da tsada, domin in ya shiga haske da ita sai allon ya yi fari fat, dole ya sa tabarau. Marubutan sun aro wannan ne daga dabbobi. Duk wanda ya taɓa haska kyanwa ko kura ko saniya da dare ya ga idanunsu suna walƙiya. Dalili kuwa, a bayan tantanin da ke karɓar haske a idonsu akwai wani shimfiɗi mai aiki kamar madubi. Hasken da ya ratsa tantanin ba a kama shi ba, madubin yakan mayar da shi, ya sake ratsawa karo na biyu. Da wannan, da kuma faɗin ƙofar idonta, kyanwa take gani da kusan kashi ɗaya cikin shida na hasken da mutum yake bukata. Amma hasken da aka mayar yakan ɗan watse, saboda haka ganinta bai kai na mutum fayyacewa ba da rana.

Mutum ba shi da wannan madubi. Abin da yake da shi ƙwayoyin karɓar haske ne iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120 a kowane ido, su ne na ganin dare, da masu siffar tsini, kimanin miliyan 6, masu rarrabe launi da rana. A cikin masu sandan akwai wani sinadari da haske mai ƙarfi yake wargazawa, sai an shiga duhu yake sake haɗuwa a hankali. Shi ya sa in an ɗauke wuta da dare mutum yakan yi ta lalube da farko, bayan minti 20 zuwa 30 kuma sai ya ga har yana rarrabe kayan ɗaki. Jiki yana gina sinadarin nan ne da bitamin A, rashinsa kuwa yana jawo dundumi. Hanta da ƙwai da manja da karas da mangwaro da ganyaye irin su zogale da alayyafo duk suna samar da shi. Inda wasan ya bar kimiyya ya shiga tatsuniya shi ne wurin da babu haske sam. Madubin kyanwa yana ninka abin da ya samu ne kawai, in babu ko ɗis, ita ma makauniya ce.

Akwai wata ƙaga kuma da ta cancanci a duba. A farkon wasan Riddick ba ya iya ɗaukar bindigogin gandirobobi, domin an kulle su da shaidar ƙwayar halittar masu su, wato DNA, wanda ba nasa ba in ya taɓa sai lantarki ya ja shi. Wannan wayo ne na masu ƙira, don su tilasta wa ɗan wasa koyon sanɗa da dambe kafin ya sami makami. A zahiri, Alec Jeffreys ne ya gano hanyar bambance mutane ta DNA a Jami'ar Leicester ta Ingila a 1984, amma aikin yana bukatar a ɗebi yawu ko jini a sarrafa da sinadarai, kuma ko injinan gaggawa sukan ɗauki kamar minti 90. Bindigogin da aka gwada kullewa a duniyar gaske zanen yatsa suke karantawa, ko wata alamar rediyo daga agogon mai su. Haka nan sashen ƙarshe na kurkukun, inda ake daskarar da fursunoni ana farkar da su na ɗan lokaci. Ƙanƙara tana yayyaga ƙwayoyin jikin mutum, ba a kuma taɓa daskarar da mutum sarai aka tashe shi ba, ko da yake wani kwaɗon daji na Arewacin Amurka yakan daskare da hunturu ya farfaɗo in ɗumi ya dawo, saboda sukarin da yake tarawa a jikinsa.

Wasu in sun daɗe suna irin wannan wasa sukan ji jiri da tashin zuciya. Ido ne yake shaida wa ƙwaƙwalwa cewa jiki yana gudu yana juyawa, alhali sashen cikin kunne mai kula da daidaiton jiki yana cewa a zaune ake. In shaidu biyu suka saɓa, sai jiki ya rikice, kamar mai karatu a cikin mota. Matsawa nesa da allo da kunna fitilar ɗaki da hutawa lokaci lokaci suna rage abin.

Wajibi ne a faɗa wa malamai cewa wasan ba na yara ba ne. Akwai zubar da jini da ashar a cikinsa, hukumar tantance wasanni ta Amurka ma ta sa shi a rukunin 'yan shekara 17 zuwa sama. Darussan da ke ƙarƙashinsa kuwa ba sa bukatar a kunna shi ko sau ɗaya. Tocila da bango da ma'aunin kusurwa sun isa a nuna dokar Lambert, ɗaki mai duhu da agogo kuma sun isa ɗalibai su auna tsawon lokacin da idonsu yake ɗauka kafin ya saba.

A 2009 aka sake gyara wasan aka haɗa shi da sabon kashi mai suna Assault on Dark Athena. A wannan shekarar kuma wasu daga cikin manyan ma'aikatan Starbreeze suka fita suka kafa kamfanin MachineGames a nan Uppsala. Wasansu na farko, wanda ya fito a 2014, shi ne Wolfenstein: The New Order, mai ɗauke da sunan wancan tsohon wasa na tserewa da Silas Warner ya rubuta shekara 33 kafin nan.