Itaciyar Mayu ta Ƙasar Ingila

A ƙasar Ingila akwai wata itaciya mai ƙaya wadda Turawa su ke kira hoson. Waɗansu kuwa su kan ce da ita itaciyar Mayu, ba don mayu masu kama kurwa ba, sai don a watan Mayu ta ke fure. Wanda ya san magarya ya kusa saninta, gama ita ma ba ta cika tsawo ba, da ƙyar ta kan wuce ƙafa 30. Furenta fari ne, 'ya'yanta jajaye ƙanana, su ne abincin tsuntsaye in ɗari ya shigo.

Tsakanin 1750 da 1850, sa'ad da a ke rarraba filayen Ingila, an dasa shinge wajen mil 200,000, yawancinsa na wannan itaciya. Amma ba shinge kaɗai ne amfaninta ba. Mutum ya kan dasa guda ɗaya a lambunsa don ado.

Shukarta sai mai haƙuri. Ƙwallonta ba ya tsira sai sanyi ya ratsa shi, don haka a kan binne shi cikin yashi a bar shi waje, wani ya kan kai wata 18 bai tsaga ba. Shi ya sa wanda ya ɗauko irinta ya kawo Zariya ko Kano, wahala kawai zai sha. Can ma yawancin mutane ƙaramin dashe su ke saye, su dasa tsakanin Nuwamba da Maris, lokacin da ganye ya kaɗe. A kafa masa turke, a ba shi ruwa shekarar farko. Bayan haka ba ruwanta da zaɓen ƙasa, muddin ruwa ba ya kwanciya a gindinta. Akwai mai jan fure, ita ba a shuka ta, aure a ke yi mata, kamar na mangwaro. Sai dai ba ta cika 'ya'ya ba.

To, ga inda mutane su ke kuskure. Tsohon reshe ne ke fure, ba tohon bana ba. Mai aske itaciyarsa kowace shekara don ta yi kyan gani, ya zubar da furen baɗi da hannunsa, in kuwa ba fure, ina 'ya'ya? Askin nan na shinge ne. Ta lambu, busasshen reshe kawai a ke cire mata, da wanda ya gitta kan ɗan'uwansa.

Akwai wata cuta da aka fara gani a Ingila cikin 1957, reshe ya yi baƙi kamar wuta ta babbake shi. In an ga haka, a sare shi can ƙasa da inda cutar ta tsaya, a ƙone, sa'an nan a wanke wuƙar da magani kafin ta taɓa wata itaciya.