Haɗuwar Kiɗan Metal da Gangunan Birazil: Nazari a Kan Faifan Roots na Ƙungiyar Sepultura

1.0 Gabatarwa

A watan Fabrairu na 1996 wata ƙungiyar makaɗa ta ƙasar Birazil mai suna Sepultura ta fitar da faifanta na shida, wanda ta laƙaba wa suna Roots, watau saiwoyi ko tushe. Faifan ya kai matsayi na 4 a jerin faya-fayen da aka fi saye a Ingila, ya kuma kai na 27 a Amurka. Abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne yadda makaɗan suka haɗa kiɗan da asalinsa na Turai ne da gangunan zuriyar Afirka na jihar Bahia, da kuma waƙar wata al'umma daga cikin mutanen asali na ƙasar, watau Xavante.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda aka yi wannan haɗi, da irin sauyin da ya kawo wa amon kiɗan. Za a nuna cewa sai da kiɗan metal ɗin kansa ya sassauta, ya sake siffa, sa'an nan gangunan suka sami gurbin shiga. Kuma abubuwan da aka aro ba su narke a cikinsa daidai wa daida ba.

2.0 Kiɗan Metal da Siffofinsa

Kalmar metal a Ingilishi tana nufin ƙarfe. Akasari ana danganta mafarin wannan kiɗa da ƙungiyar Black Sabbath ta birnin Birmingham, garin masana'antu a Ingila, wadda ta fitar da faifanta na farko a 1970. Kayan kiɗan ba su da yawa: jita mai amfani da lantarki, ɗaya ko biyu, da babbar jita mai kaurin murya, da jerin ganguna da faifayen tagulla waɗanda mutum ɗaya yake kaɗawa da hannuwa da ƙafafu, sai kuma mawaƙi.

Abubuwa uku ne suka bambanta shi da sauran kaɗe-kaɗen Turawa. Na farko, ana cika wa na'urar ƙara amo ƙarfi fiye da ƙimarta, har muryar jita ta daina fita tangaran, ta koma gurnani. Na biyu, ginin waƙa yana tsayawa ne a kan wani ɗan gajeren kari na jita da ake ta maimaitawa, wanda shi ne ginshiƙin da komai yake jingina a kansa. Na uku, mawaƙi yakan ɗaga murya matuƙa, ko kuma ya shaƙe ta ta zama kururuwa.

A shekarun 1980 wasu ƙungiyoyin Amurka, irin su Metallica da Slayer, suka ƙara wa kiɗan sauri ƙwarai. Makaɗin ganguna yakan yi ta buga manyan ganguna biyu da ƙafafunsa ba ƙaƙƙautawa, mai jita kuma yana biye da shi, har ya zamana babu wani fili da ya rage tsakanin bugu da bugu. Wannan salo mai sauri shi ne Sepultura ta tashi a cikinsa.

3.0 Taƙaitaccen Tarihin Ƙungiyar

Wa da ƙane, Max Cavalera da Igor Cavalera, su ne suka kafa ƙungiyar a birnin Belo Horizonte a 1984, ana saura shekara guda mulkin soja da ya fara a 1964 ya ƙare. Sunan Sepultura a harshen Fotugis yana nufin kabari. Max ne mawaƙi kuma mai jita, Igor ne mai ganguna, Paulo Jr. yana riƙe da babbar jita, sa'an nan Andreas Kisser ya shigo a 1987.

A faya-fayensu na farko babu abin da zai nuna wa mai sauraro cewa daga Birazil suka fito. Da Ingilishi suke waƙa, alhali a lokacin ba su ƙware da shi ba, kuma gurinsu shi ne su yi kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyoyin Amurka da Turai. Sun cim ma wannan guri da faifan Beneath the Remains na 1989 da Arise na 1991. Alamar juyawa zuwa gida ta fara bayyana a faifan Chaos A.D. na 1993, inda suka rage sauri, suka kuma sanya wani kiɗa maras lantarki mai suna “Kaiowas”, domin tunawa da halin ƙuncin da al'ummar Guarani-Kaiowá take ciki a kan matsalar ƙasa.

An ɗauki mafi yawan faifan Roots a ƙarshen 1995 a ɗakin ɗaukar sauti na Indigo Ranch da ke Malibu a jihar Kalifoniya, ƙarƙashin kulawar Ross Robinson, wanda a 1994 ya shirya faifan farko na ƙungiyar Korn. Faifan yana ɗauke da waƙoƙi 15, da wani dogon kiɗan ganguna a ƙarshe.

4.0 Yadda Aka Buɗe wa Ganguna Fili

Kiɗan gangunan Bahia, kamar na wurare da yawa a Afirka ta Yamma, kiɗa ne na amsa-amsa. Kowace ganga tana da nata gurbi, tana bugawa a inda 'yar'uwarta ta yi shiru, kuma daɗin kiɗan yana fitowa ne daga yadda bugun nan dabam-dabam suke saƙuwa da juna. Idan aka ɗora irin wannan a kan metal mai sauri, wanda ya riga ya cike kowane gurbi, ba za a ji komai ba sai hayaniya. Makaɗan sun warware wannan matsala ta hanyoyi huɗu.

Da farko sun rage sauri. Waƙar da ta buɗe faifan, “Roots Bloody Roots”, tana tafiya ne da taku mai nauyi wanda mutum zai iya bi da ƙafa, kuma karin jitarta bai wuce 'yan muryoyi kaɗan ba.

Na biyu, sun sassauta tsirkiyoyin jita ƙwarai, har muryarta ta sauka ƙasa da inda aka saba ɗaure ta. Amfanin wannan shi ne jita ta koma can ƙasa tare da manyan ganguna, ta bar sararin sama ga ƙananan gangunan hannu da gwangwanaye da kacau-kacau.

Na uku, sun mayar da jita tamkar ganga. Max Cavalera ya shahara da cire tsirkiyoyi biyu masu siririyar murya daga jitarsa, ya bar huɗu kawai, domin aikinsa bugu ne, ba rera kari ba. Haka kuma Andreas Kisser ya rage dogayen kaɗe-kaɗen nuna gwaninta da aka san masu jitar metal da su, ya maye gurbinsu da ƙara da shewa da kuwwa irin ta na'ura. Wanda ya san yadda mai garaya yake riƙe rauji da bugun tsirkiya biyu zai fahimci abin da ake nufi a nan.

Na huɗu, Igor Cavalera ya rage dogara a kan faifayen tagulla da bugun ƙafa maras yankewa, ya ƙara yawan amfani da gangunan fata masu zurfin murya, ta yadda kiɗansa ya kusanci na taron makaɗan titi.

5.0 Abubuwan da Aka Aro

5.1 Gangunan Bahia

Birazil ce ƙasar da aka fi kai bayi daga Afirka, fiye da mutum miliyan 4, kuma ba ta haramta bauta ba sai a 1888. Birnin Salvador na jihar Bahia yana cikin manyan tashoshin wannan fatauci. An kai Hausawa can da yawa a farkon ƙarni na 19, su ne suka shirya yunƙurin tawaye na 1807, sun kuma shiga tawayen Musulmi na 1835. Amma al'adun kiɗan da suka fi kafuwa a birnin na Yarabawa ne da na mutanen Dahomey da na Angola, kamar yadda sunan ƙararrawar agogo, wanda kalmar Yarabanci ce, yake nunawa.

Wanda ya shigo da wannan gado cikin faifan shi ne Carlinhos Brown, ɗan unguwar Candeal a Salvador, wanda ya kafa ƙungiyar makaɗa ta Timbalada. A waƙar “Ratamahatta” shi da Max suna musayar baki cikin Fotugis, ɗaya ya jefa ɗaya ya cafe, kamar jagora da ɗan amshi. Kalmomin jerin sunaye ne na unguwannin talakawa da na mutanen da talakawa suke tunawa, cikinsu har da Zumbi, shugaban garin bayin da suka tsere na Palmares, wanda aka kashe a 1695. An zaɓi kalmomin ne saboda bugunsu a baki, har murya ita ma ta zama ganga. A nan ne haɗin ya fi cika, domin kuwa idan aka zare gangunan daga waƙar, ginin nata gaba ɗaya zai rushe.

5.2 Berimbau

Berimbau baka ne na kiɗa mai tsirkiyar waya guda ɗaya, an ɗaura masa duma a gindi. Makaɗi yana dukan wayar da ɗan tsinke, yana danna ta da kwabo ko dutse don sauya murya, yana kuma matso da bakin duman jikin cikinsa ko ya janye shi. Asalinsa daga yankin Angola ne, kuma shi ne jagoran kiɗan wasan capoeira, wasan da ya haɗa rawa da kokawa. Da shi aka buɗe waƙar “Attitude”. Sai dai muryarsa siririya ce, ba ta iya ja da jitar lantarki, saboda haka da zarar sauran kayan kiɗa sun shigo sai ya nutse. Matsayinsa bai wuce na share fage ba, ko da yake raujin da ya shimfiɗa shi ne jita take ɗauka ta ci gaba da shi.

5.3 Waƙar Xavante

Xavante al'umma ce da ke zaune a jihar Mato Grosso, suna kiran kansu A'uwẽ, harshensu kuma yana cikin dangin harsunan Jê. Sun daɗe suna ƙin hulɗa da baƙi, sai a 1946 wani sashe nasu ya fara mu'amala ta lumana da jami'an gwamnati. Daga cikinsu ne Mário Juruna ya fito, mutumin asali na farko da aka zaɓa majalisar tarayya a 1982, wanda ya yi suna da yawo da rikoda don ɗaukar alkawuran jami'ai. Waƙarsu ta taro ce: maza sukan yi da'ira, su riƙe hannuwa, su rera da murya ɗaya suna dukan ƙasa da ƙafa, kuma a wurinsu a mafarki ake samun sababbin waƙoƙi daga kakanni.

A watan Nuwamba na 1995 makaɗan suka tafi ƙauyen Pimentel Barbosa suka yi 'yan kwanaki, a can aka ɗauki “Itsári”. A wannan waƙa babu jitar lantarki, babu kururuwa. Xavante suna rera waƙarsu yadda suka gada, baƙin kuma suna biye da su da jita maras lantarki da ganguna. Watau a nan metal ɗin ne ya janye gaba ɗaya. Abin da ya samu shi ne zama kusa da juna na kiɗa biyu, kowanne yana riƙe da siffarsa.

6.0 Tushen Wane Ne?

Sunan faifan ya ta da wata tambaya. Mahaifin 'yan'uwan nan biyu mutumin Italiya ne, Kisser kuma zuriyar Turawan da suka yi ƙaura zuwa Birazil ne, duk kuma 'yan birni ne. Saboda haka akwai masu ganin cewa tushen da ake magana a kai aro ne, kuma hoton mutumin asali da ke bangon faifan, wanda aka ɗauko daga wata tsohuwar takardar kuɗi ta ƙasar, ado ne na jawo hankalin masu saye a Turai da Amurka.

Wannan suka yana da ƙamshin gaskiya, amma akwai abubuwa biyu da ya kyautu a ajiye kusa da shi. Na ɗaya, mutanen Pimentel Barbosa sun riga sun fitar da faifan waƙoƙinsu na kansu mai suna Etenhiritipá a 1994, watau suna da niyyar isar da muryarsu waje tun kafin zuwan baƙin, kuma da yardarsu aka yi ziyarar. Na biyu, aro da narkarwa tsohuwar aƙida ce a fasahar Birazil. Tun a 1928 marubuci Oswald de Andrade ya yi kira ga 'yan ƙasar su haɗiye al'adun waje su mayar da su nasu. Gilberto Gil da Caetano Veloso sun bi wannan tafarki a ƙarshen shekarun 1960, haka ma Chico Science da ƙungiyar Nação Zumbi ta birnin Recife, waɗanda suka haɗa jitar lantarki da gangunan maracatu a faifansu na 1994. Bugu da ƙari, jigogin faifan sun tsaya a kan tarihin ƙasar: “Ambush” tana magana a kan Chico Mendes, shugaban masu tatsar roba da aka kashe a 1988 saboda kare dajin Amazon, wata waƙar kuma tana sukar juyin mulkin 1964.

7.0 Kammalawa

An ga cewa haɗin da ke cikin faifan Roots hawa uku ne. Gangunan Bahia sun shiga cikin ginin waƙa sosai, berimbau ya tsaya a bakin ƙofa, waƙar Xavante kuwa an bar ta da siffarta. An kuma ga cewa abin da ya ba da damar haɗin shi ne rage sauri, da saukar da muryar jita, da mayar da ita abin bugu.

Mutanen huɗu da suka yi faifan ba su sake yin wani tare ba. Max Cavalera ya bar ƙungiyar bayan wasan da suka yi a Landan a watan Disamba na 1996, ya kafa Soulfly, Ba'amurke Derrick Green ya gaje shi, Igor kuma ya fita a 2006. A ƙarshen 2023 ƙungiyar ta ba da sanarwar rangadin ban kwana. Ga mai nazarin kaɗe-kaɗen da suke cuɗanya da na waje, hanyar da aka bi a nan tana da amfani: a ɗauki kowane abin da aka aro, a duba ko waƙar za ta iya tsayawa idan an zare shi, sa'an nan a duba abin da mai aron ya sauya a nasa kiɗan domin baƙon ya sami wurin zama.